Ƙwarƙwata ta dawo kan 'yata bayan na sa magani, don Allah a ba ni shawara

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah iyaye da ma'aikatan lafiya da ke nan ku taimaka min, abin ya ishe ni.

'Yata ce mai shekara 7 ƙwarƙwata ta saka a gaba. Da susa na fara lura, musamman in dare ya yi, sai ta yi ta kartar ƙeya da bayan kunne har barci ya gagare ta. Na ɗauka amosani ne, ko kuma kitson ne ya ɗame ta. Ranar da na zaunar da ita tsifa sai na ga wasu 'yan abubuwa farare-farare liƙe da gashi can kusa da fata. Na hura, ba su tashi ba. Na karkaɗe, ba su faɗi ba. Sai da na matse ɗaya tsakanin farce biyu na zuge shi har ƙarshen silin gashin sannan ya fita. Ina cikin haka sai ga uwar ƙwarƙwatar da kanta ta gifta ta tsagar kai da gudu, kafin in kai hannu ta ɓuya.

A kantin magani aka ba ni na shafawa, mai permetrin kashi 1 cikin 100. Na shafa mata, na wanke, da na taje kan matattu suka yi ta zubowa, susa ta lafa. Na bi zannuwan gado da rigunan filo da labule na wanke, katifa na fitar rana, ɗaki na share lungu da saƙo. Na ce alhamdulillahi an rabu. Ashe da sauran rina a kaba. Ba a yi wata guda ba sai ga hannu ya koma kai, na duba na ga ƙanana suna yawo. Yanzu ƙanwarta mai shekara 4 ita ma ta fara susa, ga kuma jinjirina ɗan wata 5 da kullum suna manne da shi.

Shin maganin ne jabu, ko ƙwarƙwatar ce ta fi ƙarfinsa? Ko a cikin katifa take ɓuya ta sake hawa? In hana ta zuwa makaranta ne har a gama? Babansu ya ce kawai a aske, ita kuwa da ta ji an ambaci aski sai kuka. Abin da ya fi ci min rai shi ne kallon da za a yi min, don wallahi ba na wasa da wankin kan yarana.

Baban Sadik:

Wa alaikumus salam. Maman Ikram, ni dai ina bayan maigidanki. Lokacin da ta kama yarana maza, tal-kwabo aka yi musu, shi ke nan zance ya ƙare. Gashi ai zai sake fitowa.

Anti Larai:

Allah sarki, sannu. Mu da muna yara kananzir ake ɗiga mana a man shafawa, a ɗaure kai ya kwana, da safe a wanke. Wasu ma maganin sauro suke ɗan fesawa a ɗankwali a ɗaura wa yarinya. Ki gwada ki gani.

Sista Bilki (ma'aikaciyar jinya, sashen yara):

Anti Larai, ki yi haƙuri da ke zan fara, don kada wata ta karanta naki ta tashi ta aikata kafin ta iso nan ƙasa. Kada a sa wa yaro kananzir ko fetur a kai. Kada a sa masa maganin sauro na fesa ɗaki, ko maganin ƙwarin gona, ko na wanke dabbobi. Gashin da ya sha kananzir, yarinya ta gifta kusa da murhu ko kyandir kawai ya isa wuta ta kama, kuma ƙunar fuska da kai ba abin da uwa za ta so gani ba ne. Ko wuta ba ta kama ba, shi kansa yana ƙona fata. Maganin ƙwari kuwa fata tana shan sa, balle fatar da aka riga aka karce da farce. Yaro ya fara amai, yawu na zuba, numfashi ya yi wuya, wani har jijjiga. Na san an yi wa mutane da yawa sun tashi lafiya, amma Allah ne ya kiyaye.

To Maman Ikram, ki kwantar da hankalinki. Yadda kika bayar da labarin, ba na zaton maganin jabu ne, tunda kin ga matattu sun zubo. Tambayata ɗaya ce: kin maimaita shafawar? Don nan ne yawancin iyaye suke tsayawa, kuma nan ne ƙwarƙwata take samun ƙofa.

Bari in yi miki lissafin yadda take rayuwa, in kin gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Babbar ƙwarƙwata ba ta wuce girman ƙwayar riɗi ba, milimita 2 zuwa 3, kuma tana yin kamar kwana 30 a kan mutum tana shan jini sau da yawa a rana. Macen tana saka ƙwai 6 zuwa 8 kowace rana. Ba zubar da su take yi ba, liƙa kowane ɗaya take yi a gindin silin gashi da wani danƙo mai ƙarfi, kusan a cikin milimita 6 daga fata, saboda ɗumin kai ne yake ƙyanƙyashe shi. Shi ya sa kika hura bai tashi ba. Ƙwan yana fashewa a kwana 8 zuwa 9, 'yar da ta fito kuma tana girma ta fara nata ƙwan a kwana 9 zuwa 12. Permetrin yana kashe masu yawo, amma ba ya kashe ƙwai duka. Saboda haka ranar da kika wanke kan kika ga ya yi fes, akwai ƙwai masu rai da suka rage a gindin gashi. Suka ƙyanƙyashe bayan mako guda, suka girma a mako na biyu, a na uku suka fara saka nasu. Ki haɗa da lokacin da susar ta dawo, za ki ga ya yi daidai. Ba daga katifa suka hau ba, a kan suke tun farko.

Shi ya sa ake shafawa sau biyu, na biyun a rana ta 9, ko dai tsakanin ta 7 da ta 10. In kika yi gaggawa, wasu ƙwan ba su fashe ba tukuna. In kika makara, sababbin sun riga sun saka nasu. Ki sa ranar a wayarki ta tuna miki, don kan da ya daina ƙaiƙayi ana saurin mantawa da shi.

Sai yadda ake shafawar. A tsefe kitson gaba ɗaya. A wanke kai da shamfu zalla, wanda ba a haɗa shi da kwandishina ba, kuma a tabbatar man gashi ya fita, domin mai da kwandishina suna lulluɓe silin gashi su hana maganin kamawa. A goge da tawul ya zama da ɗan danshi, ba yana ɗiga ba. A shafa har ya jiƙa fatar kai da gashin duka, a ba ƙeya da bayan kunne ƙarfi don can suka fi taruwa. In gashin yarinya mai yawa ne, kwalba ɗaya ba lallai ta isa ba, kuma rowar magani daidai take da rashin sawa. A bar shi minti 10, ba ƙari don wai ya fi aiki. A ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi tana sunkuye a kan baho, kada ya bi jikinta ko ya shiga ido. Daga nan kada a sake wanke kan sai bayan kwana 1 zuwa 2.

Bayan awa 8 zuwa 12 ki duba. In kin ga 'yan kaɗan suna tafiya a sanyaye, magani yana aiki, ki taje su kawai. In kuwa kin ga suna gudu yadda suke da, to kin haɗu da irin da ta saba da permetrin. Wannan gaskiya ne ba camfi ba, a ƙasashe da yawa an tabbatar akwai ƙwarƙwatar da maganin ba ya ci. A nan ba ninka shi ake yi ba, kuma ba a haɗa magani biyu a kai ɗaya. Komawa za ki yi wurin likita ko mai harhaɗa magani a canza wani iri. Akwai dimetikon kashi 4 cikin 100, wanda ni shi na fi so ga ƙananan yara, don shi ba guba ba ne, lulluɓe ƙwarƙwatar yake yi har ta mutu, saboda haka ba ta da yadda za ta saba da shi. A busasshen gashi ake sa shi ya kwana ko ya yi awa 8, a maimaita bayan kwana 7, kuma a nisanta yarinya da wuta muddin yana kanta. Akwai ivamektin na shafawa, rabin kashi 1 cikin 100, ga wanda ya kai wata 6, shi sau ɗaya ake sawa. Akwai malatiyon, yana aiki amma yana kama wuta kuma ba na ƙananan yara ba ne sai da izinin likita. In aka miƙo miki wanda ke ɗauke da lindan, ki ce a'a, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, an daina ba da shawarar sa wa yara shi.

Abu na gaba, kuma shi ne ya fi wankin labule muhimmanci: a duba kan kowa a gidan a rana ɗaya. Ke kanki ki sa wata ta duba miki, uwa ce take rungumar yara kai da kai. Duk wanda aka ga mai rai a kansa a yi masa magani a ranar, tare. In aka yi wa yaya yau aka bar ƙanwa sai wani mako, haka za su yi ta miƙa wa juna. Wanda ba a ga komai a kansa ba ba ya buƙatar magani, sai dai in gado ɗaya suke kwana da mai ita, nan likitoci da dama sun fi son a haɗa da shi. Jinjirin kuwa kada ki sa masa komai ba tare da likita ya gan shi ba. Gashinsa bai taka kara ya karya ba, ki duba da ido ki cire da hannu ko da mataji.

Maganar gida kuwa, ki huta. Ƙwarƙwata ba ta tashi sama, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi, kuma in ta bar kan mutum ba ta wuce kwana 1 zuwa 2 take mutuwa don ba jini. Abin da za ki wanke shi ne wanda ya taɓa kai a cikin kwana biyun da suka wuce, wato rigar filo, zanen gado, tawul, hula, ɗankwali, da ruwan zafi da ya kai digiri 54 a ma'aunin Salshiyas ko fiye. Abin da ba ya wankuwa, irin 'yar tsanar da take runguma ta yi barci, a ƙulle a leda mako 2. Mataji da burushi a jiƙa su a ruwan zafin minti 5 zuwa 10. Ba sai an yi feshi a ɗaki ba. Labule dai ba shi da laifi. Haka mage da kare, ba sa ɗaukar ta mutane, ba sa ba mu.

Kallon mutane kuma, ƙwarƙwata ba ruwanta da tsabta ko ƙazanta, jini take nema. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa a can kaɗai yara 'yan shekara 3 zuwa 11 suna kamuwa sau miliyan 6 zuwa 12 a kowace shekara, a ƙasar da ruwan wanka da sabulu ba su ne matsala ba. Ƙwarƙwatar kai kuma ba a san ta da yaɗa wata cuta ba. Wadda ke ɗauko zazzaɓi mai tsanani ita ce ta jikin tufafi, wannan daban ce.

Baban Sadik, aski yana yi, ban musa ba, ba gashi ba wurin liƙa ƙwai. Ga namiji da ya saba aski ba komai. Amma yarinya mai shekara 7 da za ta shiga aji da kai tal, ajin gaba ɗaya ya san dalili, wannan ciwon ya fi susar daɗewa, alhali ana rabuwa da ita ba tare da an taɓa gashin ba.

Malama Hadiza:

Sista ta gama magana, ni ɓangaren makaranta zan taɓa, don na daɗe ina koyar da 'yan ƙananan azuzuwa.

Maman Ikram, kada ki hana ta zuwa. Ki yi mata magani da yamma, da safe ta tafi abinta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana cewa kada a kori yaro daga aji don an ga ƙwai a gashinsa. Wanda ya kamu a karon farko yana iya yin mako 4 zuwa 6 kafin ma ya fara jin ƙaiƙayi, domin ƙaiƙayin ba cizon ne yake kawo shi nan take ba, jiki ne yake ɗaukar lokaci kafin ya fara ƙin yawun ƙwarƙwatar. Ke nan ranar da uwa ta gano, yarinya ta riga ta yi wata guda tana zama da ƙawayenta da ita. Zaman gida na mako guda ba abin da zai gyara sai dai karatu ya wuce ta. Kuma don wannan dalilin nake gaya wa iyaye su daina neman wadda ta kawo. Wadda ta fara susa ba lallai ita ta fara kamuwa ba.

Ku zo aji ku ga yadda 'yan mata suke zama. Littafi ɗaya kai uku a kansa. Raɗa a kunne, goshi ya taɓa goshi. A ba su waya ɗaya su kalli abu, kawuna biyar sun haɗe. Nan take wucewa, gashi zuwa gashi. Aron hula da mataji yana iya kawo ta, amma bai kai haɗa kai ba ko kusa.

Abin da nake roƙo shi ne ki kira malamar ajin gefe ki gaya mata. Malama mai hankali za ta aika wa iyaye duka saƙo a duba kan yara, ba tare da ambaton sunan kowa ba. In kowa ya yi shiru don kunya, ke ki kashe taki, ƙawarta ta dawo mata da ita bayan mako biyu, ita ma uwar ƙawar tana can tana tsine wa mai sayar da magani. Su kuma abokan aikina da suke tsayar da yaro gaban aji suna bincika masa kai a gaban kowa, don Allah a daina. Na ga yarinyar da ta ƙi zuwa makaranta saboda haka bayan ta warke sarai.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, sau ɗaya na shafa, kuma akwai mai a gashin a ranar. Zan sake daga farko, su biyun tare.

Amma ga wata matsala. Ɗan matajin roba da ya zo cikin kwalin ba ya shiga gashinta ko kaɗan, gashin mai cika ne kuma a murɗe yake, ina sawa take ihu, haƙori biyu ma sun karye. Sannan farare-fararen nan suna nan birjik, har tsakiyar gashi. Duk masu rai ne? Kuma na taɓa wani ɗan ƙulli a wuyanta ta baya, ƙasa da inda ta sosa ya yi ƙuraje. Shi ne ya fi tayar min da hankali.

Sista Bilki:

Ki ajiye na robar nan. Ki nemi mataji na ƙarfe da aka yi don ƙwarƙwata, mai dogayen haƙora a matse, tsakaninsu bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.3 ba. Kuma ba a sa shi a busasshen gashi, balle mai cika.

Ga yadda nake yi wa yara masu irin gashin 'yarki. A wanke kai, a zuba kwandishina da yawa yana jiƙe, kada a ɗauraye. Santsin yana sa mataji ya wuce, kuma ƙwarƙwatar da take tsere miki a busasshen gashi tana kasa gudu a cikinsa. A fara warware gashin da mataji mai manyan haƙora, daga baki a hauro zuwa gindi, har ya daina sarƙewa. Sannan a raba kan gida huɗu ko shida a ɗaure kowanne. Ki zaunar da ita inda haske yake da kyau, tawul fari a kafaɗa, ki ba ta abin kallo a hannu, don aikin zai iya cin awa guda. Ki ɗauko ɗan tsagi siriri, wanda bai fi faɗin matajin ba, ki miƙar da shi da hannun hagu, ki sa haƙoran har su taɓa fata, ki ja a hankali har baki ba tare da kin ɗaga ba. Duk ja ɗaya ki share matajin a farar takardar goge hannu ki buɗe ki duba. A cikin farin kumfan za ki ga ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa, wasu manya har ƙafafunsu shida suna motsi, wasu ƙanana sai kin ƙura ido. Ki maimaita tsagin har takarda ta fito fes, ki murɗe shi ki maƙale gefe, ki ɗauko na gaba. Ƙeya da bayan kunne a yi musu sau biyu.

Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana ba da shawarar a yi wannan tazar a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, a sake dubawa a ta 17. Hikimar ita ce duk wadda ta ƙyanƙyashe a kama ta kafin ta girma ta saka ƙwai. Wasu iyayen da tazar nan kaɗai suke rabuwa da ita ba magani, in sun jure ranakun. In za ki haɗa da permetrin, to ranar shafawa da kwana biyun da ke biye ban da kwandishina, ki taje da danshin ruwa kawai gwargwadon yadda ta iya jurewa.

Farare-fararen kuwa yawancinsu kwanso ne. Ƙwai mai rai yana da ɗan duhu, launin ƙasa-ƙasa, yana kusa da fata, kuma in kika matse shi tsakanin farce biyu za ki ji ya yi ƙas. Wanda ya fashe shi ne fari, kuma danƙon ba ya sakinsa, sai gashi ya yi ta tsiro da shi. Gashi yana ƙaruwa kamar santimita 1 a wata, saboda haka wanda kika gani nesa da fata tsohon zance ne, yana iya kai watanni a wurin. Kada ki sake sa magani don kin ga kwanso. Mai rai mai tafiya ita ce shaidar cewa tana nan. Haka ita ma susar, tana iya ci gaba wasu kwanaki bayan an kashe su duka, wani lokacin maganin ne ma yake ɗan sa fata ƙaiƙayi.

Ƙullin wuya mai yiwuwa kaluluwa ce, saboda ƙurajen da farce ya jawo. Ki yanke mata farce, ki riƙa wanke wurin da ruwa da sabulu. Amma in ƙurajen suna ruwa ko mugunya, ko sun yi ɓawo rawaya-rawaya, ko ƙullin yana girma yana zafi, ko jikinta ya yi zafi, ki kai ta asibiti kafin ki sake shafa komai. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga, maganinsu daban ne, kuma ba a zuba maganin ƙwarƙwata a kan buɗaɗɗen ciwo. In kin ga wani wuri zagayayye da gashi ya kakkarye fatar tana ɓarewa, wannan makero ne, shi sai an sha magani na makonni. In kuma kin ga ƙwai a gashin ido, kada ki kai magani kusa da wurin, likita zai duba.

Ummi mai kitso:

Sannunku. Maman Ikram, ki bar ƙananan kitso tukuna har a wuce rana ta 17 ɗin nan. Ki riƙa yi mata manya guda huɗu ko shida waɗanda za ki tsefe a minti biyar ranar taza ki mayar. Ban da ƙarin gashi, ban da rilaksa, don kan da ke da ƙuraje rilaksa zai ci shi. Bayan an gama kuma kitso yana taimakawa, gashin da ke a kame bai kai sakakke saurin ɗauka ba, ko da yake ba ya hanawa gaba ɗaya. Ni duk ranar tsifa nake cewa uwa ta ɗaga ƙeya da bayan kunne ta leƙa, ba sai an ga susa ba. Kuma in za ki kai yarinya kitso ki tafi da matajinta da tsinkenta. Ni ina jiƙa nawa a ruwan zafi tsakanin kai da kai, amma ba kowa ke yi ba, musamman ranar da layi ya yi tsawo.

Anti Larai:

To Sista, na ji, na janye kananzir. Amma basilin fa, ko man zaitun, ko ruwan khal? Su ai ba sa kama wuta, kuma an ce suna shaƙe ta.

Sista Bilki:

Anti, waɗannan ba su da haɗarin kananzir, amma ba a samu gamsasshiyar hujja cewa suna kashe ta ba. Ƙwarƙwata tana iya lafewa awanni ba motsi a cikin mai, a ɗauka ta mutu, a wanke kai ta farfaɗo ta ci gaba da tafiya, ƙwan kuma ko a jikinsa. Ruwan khal ba ya narkar da danƙon yadda ake faɗa, ga raɗaɗi in ya taɓa inda aka sosa. Basilin kuwa sai a yi kwanaki ana fama kafin ya fita daga gashi mai cika. Waɗanda suka ce ya yi musu, in kika bincika za ki tarar sun zauna sun taje kan sosai bayan sun shafa, tazar ce ta yi aikin. Kada kuma a ɗaure wa yaro kai da leda ya kwana, tana iya zamewa ta rufe masa hanci yana barci. In babu kwandishina a kusa, a sa ɗan man zaitun don mataji ya wuce, amma ba a ranar da za a shafa permetrin ba, sai an wanke shi tas da shamfu tukuna.